Huji Uku a Haƙarƙarin Baba

Tun ranar da aka koma lekkol ƴan ajinmu ba su bar ni na huta ba. Kowacce da tata tambayar: yaya Tamanrasset take, da gaske ne ba a cin tuwo a can, da gaske ne sanyinsu yana fasa leɓe. Ni kuwa in mutane suka zagaye ni suna kallon bakina, maganar sai ta maƙale. Sai in ce lafiya lau muka je muka dawo, su yi tsaki su watse. Ƙawata Ramatu ce ta ce tunda bakina ya ƙi aiki in rubuta, ita za ta karanta musu. To ga shi.

Ba yawon buɗe ido muka je ba, Baba muka kai asibiti. Baba maɗinki ne a bakin kasuwar Agadas. Shekarun baya ya faɗi daga moto, wato babur, ya bugu a wuya da kafaɗa. Ciwon ya warke, amma numfashinsa bai koma daidai ba. In yana tsaye ko zaune ba laifi, amma da ya kwanta ko ya sunkuya sai ya yi ta haki kamar an ɗora masa buhun gero a ƙirji. Ya daina kwanciya, sai barci a jingine da tarin matasai. In almakashi ya faɗi ƙasa sai ya kira ɗayanmu. Abin da ya fi ci masa rai shi ne sujada. A kan kujera yake salla, can gefen sahu tare da tsofaffi, shi da furfura ba ta ma kama gemunsa ba. Bai taɓa yin ƙorafi ba, amma ni na lura baƙin tabon da ke goshinsa yana ta dusashewa.

A asibitin garinmu an yi masa hoton ƙirji. Likita ya ce akwai wani faffaɗan nama da ya raba ƙirji da ciki, shi ke sauka yana hawa kamar zugazugin maƙera yana jawo iska. Jijiyar da ke motsa ɓangaren dama ta mutu a faɗuwar nan, sai naman ya saki, ya tashi sama ya matse huhu. In mutum ya kwanta ko ya sunkuya, kayan ciki su ƙara turo shi. Ya ce ana gyarawa, amma ba a nan ba. Ana nan sai Gwaggo Rabi, ƙanwar Baba da ke aure a Tamanrasset ta ƙasar Aljeriya, ta aiko cewa likitocin ƙirji suna saukowa daga arewacin ƙasar lokaci zuwa lokaci da kayan aikinsu, kuma mijinta ya yi magana an ce a kawo shi. Umma tana jego, don haka aka ce ni zan bi shi, in riƙa ɗauko masa abin da ya faɗi, in kuma taimaka da Faransancin lekkol.

Daga Agadas zuwa Arlit akwai kwalta, ba wani labari. Daga Arlit ne hanya ta ƙare, sai sawun tayoyi a cikin rairayi. Baba ya zauna gaba kusa da direba, wani Buzu mai suna Ilyas, ni kuma a baya kan buhuna tare da mata. Wata mai turaren wuta ƴar Maraɗi ta koya mini yadda zan naɗe fuskata in bar ido kaɗai, ta kuma ce kar in sha ruwa da yawa, domin Ilyas ba ya tsayawa don fitsarin kowa. Ashe gaskiya ta faɗa. Motar ta kafe a yashi ba sau ɗaya ba. Duk lokacin da ta kafe maza su sauka su durƙusa su tona ƙarƙashin taya da hannu. Baba ba ya iya durƙusawa, sai wata mata ta miƙa masa jaririnta ya riƙe. Ya tsaya a gefe da jariri a kafaɗa yana kallon wani wuri daban.

Da yamma Ilyas ya kwaɓa garin alkama, ya binne a cikin rairayi mai zafi ƙarƙashin garwashi. Da ya gasu ya tono shi ya kakkaɓe, ya gutsuttsura a cikin miya. Na ɗauka zan tauna tsakuwa, amma ko ƙwaya ɗaya ban ji ba. Da aka tada sallar magariba maza suka yi sahu a fili, Baba ya zauna a kan jarkar ruwa. Da aka sallame kowa ya juyo da rairayi manne a goshinsa, wasu har a kan hanci. Baba ya dube su, sai ya sunkuyar da ido kan casbaharsa.

A Assamaka jandarmomin ƙasarmu sun duba takardu suka bar mu. A In Guezzam, ɓangaren Aljeriya, ne na sha kunya. Umma ta ɗaura wa Gwaggo tsarabar kuka da yaji da daddawa. Wani ɗan dowan, wato jami'in kwastan, ya kwance ƙullin daddawar, ya kai hanci, ya ja da baya kamar an mare shi. Ya tambaya da Faransanci mene ne wannan, na wane ne. Duk motar aka juyo ana kallona, wai ga ƴar lekkol. Na san amsar sarai, amma na buɗe baki ba abin da ya fito. Ya sake tambaya, ya kira abokinsa shi ma ya shinshina. Da ƙyar na ce na miya ne, da muryar da ni kaina ban ji ba sosai. Ya tambaya ko mun tabbata bai lalace a hanya ba. Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, aka yi ta bubbuga masa baya. Ɗan dowan ɗin ya ɗaure ƙullin da kansa, ya riƙe shi da ƴan yatsu biyu ya miƙo mini.

Tamanrasset a kan tudu take, duwatsu baƙaƙe sun kewaye ta, iskarta sanyi gare ta ko da rana. Ni ta yi mini daɗi, amma Baba ya ce iskar nan ba ta cika ƙirji, ko ƴan matakalan ƙofar gida sai ya huta. Gidan Gwaggo yana unguwar Sersouf, inda in ka rufe ido ka ce Zinder kake, saboda Hausar da ke tashi ko'ina: masu gini, masu shayi, masu gyaran takalmi. Gwaggo ta rungume ni tana ce mini Inna ƙarama, domin sunan mahaifiyarsu na ci, shi ya sa ma Baba ke kirana Uwata. Da ta kwance daddawar nan sai ta kai hanci ta lumshe ido, har da ƙwalla. Na ba ta labarin ɗan dowan, ta ce ai su mutanen nan hancinsu bai yi karatu ba.

Abubuwa da yawa sun ba ni mamaki. Maza ne ke cefane, ka ga dattijo da rawani ya rungumo dogayen burodi kamar itacen girki. Komai da burodi ake ci, har taliya. Akwai wata miya mai ruwa-ruwa da suke kira shorba, wadda a wurinmu sai a ce ba a gama dahuwa ba, amma da sanyin safiya na gane amfaninta. Ranar Juma'a kowane gida kuskus. Yaransu suna zuwa lekkol ranar Lahadi. Gaisuwarsu kuma ta fi tamu tsawo, sai dai ba a durƙusawa. Ranar farko na durƙusa wa wata maƙwabciya Balarabiya, ta yi sauri ta ɗago ni, ta ɗauka jiri ne ya ɗebe ni.

Ranar da aka ga likita, Baba da mijin Gwaggo, Alhaji Sani, su suka shiga. Ni aka bar ni a benci, domin za a tuɓe wa Baba riga. Alhaji Sani yana jin Larabcin kasuwa, shi ya yi tafinta. Da suka fito ya ce mana likitar mace ce, kuma ta ce za su fara huda ƙanana su zura wata ƴar kyamara su gani, in abin ya buƙaci a buɗe da faɗi sai su buɗe. Baba ya gyaɗa kai ya ce Allah ya sa a dace.

A ɗakin da aka kwantar da shi, gadon kusa da nasa na wani tsoho ne mai lambu daga ƙauyen Mertoutek. Kowa Amghar yake ce masa, wato dattijo. Yana jin Hausa, wai da ƙuruciyarsa ya sha bin ayari zuwa Damargu sayen hatsi, sai dai Hausar tasa irin ta kakanninmu ce. Ƴaƴansa suna kawo masa busasshen ɓaure, ya riƙa cusa mini a hannu yana cewa in ci in yi baki. An taɓa yi masa aiki tun da daɗewa, yana da tabo daga ƙarƙashin hammata har gadon baya, kuma ba baƙon da zai shigo bai ɗaga riga ya nuna masa ba. Ya ce wa Baba ya shirya, gobe war haka shi ma ya zama namiji.

An shiga da Baba da safe, aka fito da shi bayan azahar. Da ya farfaɗo sosai, abu na farko da ya yi shi ne ya kai hannu yana lalube haƙarƙarinsa na dama. Ba wani dogon bandeji. Ƴan filasta ne guda uku, kowanne bai fi tafin hannun jariri ba, da wani siririn tiyo da ya fito daga ɗaya ya sauka cikin kwalba a ƙarƙashin gado. Na ga hannunsa ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya koma ya sake bi, sa'an nan ya ja bargo ya rufe. Amghar ya leƙo ya ce, "Wannan ai cizon sauro ne. Wanzamin garinku bai iya wannan ba, sai da kuka ƙetare hamada?" Kowa ya yi dariya. Baba ma ya yi murmushi, amma iyakarsa leɓe.

Mu duk murna muke yi. Likita ta zo ta ce komai ya yi kyau, Alhaji Sani ya fassara, Baba ya ce alhamdulillahi. Amma daga ranar ya canza. Ma'aikaciyar jinya ta kawo masa kwalbar ruwa da ɗan tiyo, ta ce ya riƙa hurawa yana tada kumfa, ya riƙa tari ko da zafi, don huhun da ya daɗe a matse ya buɗe, in ba haka ba majina za ta taru ta zama ciwo. Baba ya karɓa ya ajiye. In ta matsa ya hura sau ɗaya don kunya. Abinci sai ya taɓa ya ture. An ɗaga masa kan gado, ya sa an ƙara masa matasai kamar a gida. Zazzaɓi ya fara ɗan taɓa shi da yamma, ma'aikaciyar ta fara ɗaure fuska. Gwaggo ta ce shorba ce ba ya so, ta yi tuwo da miyar kuka ta kawo a kwando, har masu gadi suna tambayar me ke wari. Shi ma bai ci ba.

Wata rana da hantsi ina zaune a ƙasa ina ɓare lemo, sun manta da ni kamar yadda aka saba. Sai na ji Baba yana ce wa Gwaggo, a hankali, keken ɗinkinsa kar a sayar, a ajiye wa ƙanena har ya girma, kuma akwai rigar wani malami da bai gama wuyanta ba, a ba maƙwabcinsa ya ƙarasa. Gwaggo ta ce, "Yaya, wace irin magana ce wannan?"

Ya ce, "Rabi, ke ma kin san yadda aka yi da wanmu Yaya Mamman, Allah ya ji ƙansa. Da suka buɗe kaɗan suka gani, ai rufewa suka yi suka ce mu kai shi gida, komai ya yi kyau. Matar nan ta ce in sun ga abin gyara za su buɗe da faɗi. Ba su buɗe ba."

Gwaggo ta ja gyale ta rufe baki. Na ga ita ma maganar ta shige ta. A wurinmu haka kowa ya sani: babban aiki babban tabo, in kuwa aka buɗe aka rufe da wuri to sai addu'a.

Ni dai wani abu ya tsaya mini. Jiya da rana, bayan an ba shi maganin zafi, barci ya kwashe shi, matasan suka zame, ya sulale har kansa ya kusa daidai da ƙafafunsa. A gida in haka ta faru ba ya daɗewa sai ya zabura yana haki. Jiya kuwa har na gama tsefe kaina ina kallonsa bai motsa ba, cikinsa yana hawa yana sauka. Da ya fara motsi ne na gyara masa matasan. Na so in faɗa, amma yaya zan ce wa Baba ya yi kuskure, a gaban ƙanwarsa, a maganar da ba a sa ni ba?

Na fita na tsaya a baranda. Can sai ga likitar ta taho da sauri, mutane biyu suna bin ta da takardu. Doguwa ce, tabarau a saman kai, takalminta na roba irin na masu wanki. Ta wuce ni. Na ji ƙafafuna sun bi ta, na kama gefen farar rigarta kamar ƙaramar yarinya. Ta juyo. Duk Faransancin da na koya ya gudu, ya bar ni da guntaye. Na ce babana yana tsammani ba a yi masa komai ba. Na ce ramukan sun yi ƙanana. Na ce a garinmu ƙaramin rami yana nufin mutuwa. Ta sauke tabaran ta dube ni, ta sa na maimaita na ƙarshen. Sai ta sallami mutanen nan, ta kama hannuna muka koma ɗakin.

Ta zauna a bakin gadon ta ce in fassara, kar in rage komai. Ta ce ta huji ɗaya aka zura kyamara mai fitila, suna kallon cikin ƙirjinsa a talabijin. Ta sauran biyun aka zura dogayen ƙarafa masu riƙe allura. Naman nan da ya saki, sun ninka shi sun ɗinke, sun sake ninkawa sun ɗinke, har ya ɗame ya sauka wurinsa ya sakar wa huhu wuri. Jijiyar ba ta dawo ba, naman ba zai yi motsi kamar da ba, amma ya daina tashi. Buɗewa da faɗi da ta ambata, ta ce wannan sai in aikin ya gagara ta ƙaramar hanya, kuma bai gagara ba. Tana magana tana tattara gefen zanen gado da yatsu tana nuna ninkin.

Ina fassarawa ina kallon ƙasa. Da na zo wajen ninkin sai na ji na ƙara da nawa. Na ce, "Baba, kamar in shafin riga ya saki daga ciki. Ai ba ka farke rigar duka, ɗan wuri kake buɗewa a gefe ka gyara ta nan."

Ya dubi yatsun likitar a kan zanen, ya ce in tambaye ta da wane irin zare. Ta ce wanda ba ya narkewa, zai zauna tare da shi har tsufa. Na san bai gama yarda ba, domin an taɓa gaya musu daɗin baki a kan Yaya Mamman. Sai na faɗi abin da na gani jiya da rana. Ya ce, "Uwata, ni na yi barci a kwance?" Na ce har da minshari kaɗan. Amghar daga gadonsa ya ce ba kaɗan ba ne, shi shaida ne, ya hana shi ƙailula.

Likita ta ce to a gwada yanzu ido biyu. Ta zare matasan da kanta ta miƙa wa Gwaggo, ta kama mariƙin da ke ƙarshen gado tana juyawa, kan gadon yana sauka a hankali. Baba ya damƙe ƙarfen gado da hannu biyu, jijiyoyin wuyansa suka tashi, yana jiran abin da ya saba. Gadon ya miƙe sarai. Ya ja numfashi, ya yamutsa fuska saboda zafin ɗinki, ya sake ja. Na ga yatsunsa suna sakin ƙarfen ɗaya bayan ɗaya. Ya daɗe yana kallon sama, sa'an nan ya ce ashe rufin ɗakin nan akwai tsaga, ya kamata a gaya musu kafin damina. Gwaggo ta fashe da kuka da dariya a haɗe, ta ce ina ruwan Tamanrasset da damina.

Daga ranar kwalbar nan ba ta huta ba. Ya yi ta hura kumfa har Amghar ya ce an kwantar da shi kusa da raƙumi. Ya cinye tuwon Gwaggo, ya ce shorbar ma a kawo. Zazzaɓin ya sauka, aka cire tiyo, ba a daɗe ba aka sallame mu. Likita ta ce ya yi ta tafiya da ƙafa, amma kar ya ɗauki kaya, kar kuma ya yi gaggawar sunkuyawa sai ɗinkin ya kama. Da muka je sallama Amghar ya cika mini gyale da ɓaure, ya ce wa Baba in an tambaye shi tabo a gida ya ce ya bari a Mertoutek wurin ajiya. Mun ƙara ƴan makonni a Sersouf. Baba ya zagaye unguwar da ƙafa har masu shayi suka san shi, kuma ya rage wa Alhaji Sani wuyan riguna biyu a kan keken aro. Salla dai a kujera ya ci gaba da yi. Na ga kamar yana tsoron gwadawa a gaban mutane.

A dawowa motar Ilyas muka sake samu. Ɗan dowan mai daddawa ban gan shi ba, na so in gan shi, domin na tanadi amsa mai tsawo. Bayan mun wuce Assamaka aka tsaya la'asar a wani fili da ba komai sai rairayi. Na sauko da jarkar da Baba ke zama na ajiye a ƙarshen sahu, na koma wajen mata. Da aka yi ruku'u na ɗaga ido, abin da bai kamata ba, na ga jarkar ba kowa a kai. Yana cikin sahu tsakanin Ilyas da wani mai gini. Ya sauka a hankali, hannu ɗaya dafe da haƙarƙari, ya kai goshi ƙasa. Liman ya ɗago, kowa ya ɗago, shi ya ɗan ƙara jimawa.

Da aka sallame ya taho wajen mota, rairayi manne a goshinsa har cikin gira. Na ce, "Baba, akwai ƙasa a goshinka," na miƙa masa gefen gyalena.

Ya ce, "Na sani, Uwata. Bar ta."

Haka ya shiga gaban mota da ita. Jarkar kuwa Ilyas ne ya tuna da ita, bayan har ya tada mota.